Tsakanin Sauke Tukunya da Tashin Kumfa

Duk mai dafa giya a duniya, tun daga matar da ke yin burkutu a bayan gida a Kudancin Kaduna har Bajamushen da ya mai da garejin motarsa wurin girki, akwai lokacin da abin da ke cikin tukunyarsa bai zama giya ba tukuna. An jiƙa hatsi ya tsira, an shanya, an niƙa, an dama da ruwa, an tace, an bar shi a kan wuta yana ta ɓararraka. Abin da ake saukewa, wato ruwan tsiro, ruwa ne mai ɗan kauri, mai zaƙi, mai ƙamshin gasasshen hatsi. Ko mutum zai shanye daro guda, cikinsa ne kawai zai ƙulle, hankalinsa kuwa yana nan daram. Babu ɗigon barasa a ciki, domin yis, ƙwayar halittar da ke cin sukari ta fitar da barasa da iska, ba ya rayuwa a tafasasshen ruwa. Tun zafi bai kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas ba yake mutuwa. Dole sai ruwan ya huce kafin a zuba shi.

Ni Musulmi ne, ban taɓa kai giya bakina ba, ba ni kuma da ko ɗigon shakka a kan haramcinta. Amma kimiyyar abinci na karanta, ita nake koyarwa, kuma na daɗe ina ganin wata tambaya mai nauyi tana kwance a cikin 'yan sa'o'in nan na hucewa. Dawa halal ce. Ruwa halal ne, wuta ma ba ta da laifi, shi kansa yis ɗin da shi muke kwaɓa fanke da burodi. To a wane lokaci ne waɗannan halaltattun abubuwa suke haɗuwa su zama haram? Kuma a kan me hukuncin yake sauka, a kan ruwan ko a kan hannun da ya sarrafa shi?

Sai mun san aikin kafin tambayar ta fito sosai. A Ingila an halatta wa mutum ya dafa giyarsa a gida ba tare da lasisi ba tun 1963, a Amurka kuma an sa hannu a kan irin wannan doka a 1978. Masu wannan sha'awa yawanci lita 20 suke dafawa a tashi ɗaya, kuma babu matakin da ke ɗaga musu hankali kamar sanyayawa. Ruwan yana sauka daga wuta a digiri 100, su kuma suna son ya dawo wajen 20, ko ƙasa da haka idan irin giyar da ake bari ta nuna a cikin sanyi ce. Wani yakan tsoma tukunyar a bahon da ya cika da ƙanƙara yana juyawa. Idan aka yi lissafi, ƙanƙarar da za ta shanye wannan zafi ta kai kusan kilo 16. Wani yana da bututun jan ƙarfe da aka nannaɗe kamar gammo, ya nutsa shi cikin tukunyar, ruwan famfo ya shiga ta baki ɗaya da sanyinsa ya fita ta ɗayan da zafinsa, kafin rabin sa'a an gama. Akwai masu bututu biyu, ɗaya a cikin ɗaya, ruwan tsiro na gangarawa, ruwan sanyi na haurawa. A Ostireliya, inda ruwa ke da tsada, wasu sukan ɗura shi da zafinsa a jarka mai jure zafi, su matse iska, su toshe, su bari ya huce da kansa cikin dare.

Me ya kawo wannan gaggawa? Ruwa mai zaƙi da ya sauko ƙasa da digiri 60 ba shi da mai gadi. Zafin da ke kare shi ya tafi, iska kuma cike take da ƙwayoyin bakteriya da yis na daji, kowanne yana neman abinci. Duk wanda ya riga shiga shi zai mallaki tukunyar, ya sa ta tsami ko ɗoyi. Mai dafawa yana so nasa yis ɗin ya riga kowa. Kafin a ƙera injunan sanyi, yanayi ake jira: a Bavariya an hana dafa giya a watannin zafi a 1553. Sai a 1856 wani Bafaranshe, Baudelot, ya fito da na'urar da ruwan tsiro ke kwarara a bayan jerin bututu masu ɗauke da ruwan sanyi. Duk wannan ana yinsa ne mutane ba su gama sanin abin da suke tsoro ba, domin sai daga 1857 Louis Pasteur ya soma nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa abu ya yi tsami ko ya yi kumfa.

Na tashi a Kafanchan, a wata unguwa da ba ta da nisa da tashar jirgin ƙasa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na wata dattijuwa Kirista, mu yara Mama muke ce mata, sana'arta burkutu. Innarmu kuwa kunun zaƙi take yi na sayarwa. Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne yadda ayyukan matan nan biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa har kusan ƙarshe. Inna takan raba gasararta biyu, ta sheƙa wa kaso mafi yawa tafasasshen ruwa ya kama, sannan ta jira. Ba ta zuba ɗanyen kason da aka niƙa da dankali da citta da kanumfari sai ta taɓa gefen robar ta ji zafin ya sassauta. In ta yi garaje, kunun ba zai saki ba, ba zai yi zaƙi ba, domin zafi mai yawa yana kashe sinadarin da ke cikin dankali ko tsiro wanda ke narka sitaci ya mai da shi sukari. Ta rufe ya kwana, da asuba ta tace. A ƙetaren katanga, Mama takan kwashe ruwan tsironta daga duro zuwa manyan daro masu faɗi, ta riƙa ɗiba da ƙwarya tana sheƙawa daga sama, tururi na tashi. Ita tana jira fiye da Inna, sai ruwan ya dawo ɗumin jiki ko ƙasa, sannan ta juye a randunan da ta keɓe, ta ɗebo ragowar na dafuwar baya mai kumfa ta zuba. Wannan ƙwarya ɗaya ita ce mararrabar gidajen biyu.

Mama ba ta taɓa miƙa wa ɗan Musulmi wanda ya tashi ba. Amma mai zaƙin, wanda aka sauke yanzu, takan ba jikokinta, wani lokaci ta ce mana, "Ku zo ku sha, wannan bai kwana ba." Ranar da muka kai babin abinci da abin sha a littafin Risala, na kai maganar zaure.

"Allah ya gafarta Malam, ruwan da ake saukewa daga wuta kafin a sa masa komai, in an ba mu, mu sha?"

Malam ya ce, "Yana bugarwa?"

Na ce, "A'a, Malam, zaƙi ne kawai."

Ya ce, "To ruwan bai haramta ba. Amma kai ɗana, kada ka iza mata wuta, kada ka riƙe mata ƙwarya wajen sheƙawa. In ta aike ka kasuwa sayen gishiri, ka ruga ka sayo, uwa ce."

A lokacin na ɗauka amsa biyu ce da ba su haɗu ba. Yau ina ganin cikakken fiƙihu ne: ya yanke wa ruwan hukunci dabam, ya yanke wa aikin hukunci dabam, bai kuma bar ni na raina maƙwabciya ba.

Mu fara da ruwan. Wasu suna zaton burkutu baƙo ne ga littattafan magabata, cewa su giyar inabi kawai suka sani. Ba haka ba ne. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika Abu Musa al-Ash'ari da Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, Abu Musa ya tambaya a kan abubuwan sha biyu na mutanen can, ɗaya na zuma, ɗaya kuma mai suna mizru da ake yi da dawa da sha'ir. Amsar da ya samu ta rataya hukuncin a kan maye, ba ta dubi irin hatsin ba. A kan haka Malik da Shafi'i da Ahmad suka tsaya: abin da mai yawansa zai bugar, kurɓi ɗaya ma ba a sha. Abu Hanifa ya fi taƙaita sunan giya a kan ɗanyen ruwan inabi da ya tashi, ya yi ƙarfi, ya yi kumfa, ya kuma sassauta a kan na hatsi da zuma matuƙar ba a sha adadin da zai bugar ba. Almajirinsa Muhammad ash-Shaibani ya saɓa masa, kuma da maganar almajirin malaman mazhabar na baya suka riƙa ba da fatawa.

Wahalar ita ce, maye ba ya faɗowa cikin tukunya farat ɗaya. Na sha auna wannan tare da ɗalibai a ɗakin gwaji. Sa'o'in farko bayan an zuba yis, ba ka ganin komai, yis ɗin yana hayayyafa ne kawai. Daga nan sai 'yan ƙananan kumfa a gefe, sai wani sauti siriri idan ka kara kunne, zaƙi yana ja da baya, barasa tana hawa a hankali. Babu wani minti da za ka nuna da yatsa ka ce kafinsa halal, bayansa haram. Halitta gangara ta yi a nan, ba ta ja layi ba. Shari'a kuwa da mutane take magana, masu ƙishirwa, waɗanda dole su san ko su sha ko su zubar.

Abin da ke burge ni, har yakan sa tsigar jikina ta tashi idan ina karantawa, shi ne yadda Sunna ta bi da wannan gangara. Annabi da kansa yana shan tsimin dabino ko na zabibi da aka jiƙa a ruwa. A ruwayar Nana A'isha, a jiƙa da safe a salka ya sha da yamma, a jiƙa da yamma ya sha da safe. A ruwayar Ibn Abbas da ke Sahihu Muslim, yakan sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage ya sa a ba wani ko a zubar. Malamai sun bayyana cewa ana bayarwa idan bai canja ba, ana zubarwa idan alamar canji ta fito. Ka ga ba a ce a guji duk abin da zai iya zama giya wata rana ba. Da haka ne, da an hana mu jiƙa komai. Ba a kuma ce a ci gaba da sha har sai kai ya fara juyawa ba. An tsaya ne tun da sauran tazara. Imam Ahmad ya riƙi kwana ukun a matsayin iyaka. Malikawa suka ce ma'aunin shi ne bugarwa, ba ƙidayar kwanaki ba, kuma a ƙasa irin tamu na fi ganin hikimar wannan. Kwana uku a Jos cikin hunturu dabam ne da kwana uku a Sakkwato a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, kunun safe ya soma tsami kafin la'asar. Bammi ma da zaƙinsa yake saukowa daga bishiya, amma kafin rana ta faɗi ya riga ya juya.

Sai maganar mazubi. Da ayarin ƙabilar Abdul Ƙaisi suka zo Madina daga gabashin Larabawa, an hana su jiƙa tsimi a abubuwa huɗu: gorar duma, tulu mai shafen kore, kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da kwalta. An bar musu salka. Daga baya hanin ya sassauta, aka mai da shi kan maye kawai, amma Malik ya ci gaba da ƙyamar gora da mai kwalta, kuma haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Masu sharhi sun ce a waɗannan mazubai tsimi yana saurin yin ƙarfi mai shi bai sani ba, salka kuwa takan tona asiri domin ba ta jure kumburi. Ni zan ƙara abin da kimiyya ta gani: jikin gora da itace yana da 'yan ramuka da yis ke maƙalewa a ciki ya jira zubi na gaba, salka kuma tana tsatsafo da ruwa, iska ta busa, abin da ke ciki ya yi sanyi. Mama ta san rabin wannan ba tare da littafi ba, shi ya sa ba ta wanke randunanta ƙal, shi ya sa kuma Inna ba ta taɓa aron ko ludayi daga can ba, alhali gishiri da garwashin wuta kullum suna ƙetare katangar.

Akwai wata hanya kuma da aka bi da wuta. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa da Sayyidina Umar ya je Sham, mutanen can suka koka masa da annoba da nauyin ƙasar, suka ce babu abin da ke gyara musu jiki sai abin shansu na inabi. Ya ce su sha zuma, suka ce ba ta yi musu. Sai wani mutumin ƙasar ya ce zai iya yin wanda ba ya bugarwa. Aka dafa ruwan inabin har kashi biyu cikin uku ya ƙone. Umar ya tsoma yatsa ya ɗaga, abin ya biyo yatsan yana yauƙi, ya kamanta shi da man da ake shafa wa raƙuma, ya ba da izinin sha. Ubada ɗan Samit ya ji tsoro ya ce masa ya halatta giya ke nan, Umar ya musanta, ya nemi tsarin Allah daga halatta abin da ya haramta ko haramta abin da ya halatta. Ruwan inabi kusan kashi 20 cikin 100 nasa sukari ne. In ka ƙone kashi biyu cikin uku, sukarin ya ninka sau uku, kuma a irin wannan kauri yis ba ya iya aiki, sukarin ne ke zuƙe masa ruwan jiki. Dalilin da ya sa zuma ke shekara ba ta tashi ke nan. Umar bai ga yis ba, amma yatsansa ya auna abin da ya kamata a auna.

Yanzu mu koma ga hannu, inda nake ganin zuciyar maganar take. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ya lissafa mutum goma da la'anar giya ta shafa, kuma a cikinsu akwai mai matse inabin. A tsaya a duba abin da ke hannun wannan mutum. Ruwan inabi ne sabo, wanda yaro zai sha, mai azumi ya yi buɗa-baki da shi. Bai taɓa giya ba, wataƙila ma ya bar garin kafin kumfa ta tashi. Amma an sa shi a jerin, domin ya san inda ruwan zai je, kuma don can ɗin ya matse. Wato hukuncin ruwa yana jiran bugarwa, hukuncin aiki kuwa ba ya jira, yana tafiya tare da nufi tun daga matakin farko. Mai nutsa bututun jan ƙarfe a tukunya, da mai sheƙawa da ƙwarya, ruwa mai tsarki suke sanyayawa, amma suna shimfiɗa wa yis wuri ne da gangan. Abin da Malam ya hana ni ke nan.

To wanda bai zuba komai ba fa? Wannan ce hujjar da na fi ji a bakin samari, waɗanda ke ajiye kunu ko zoɓo a jarka su tura ƙarƙashin gado kwana huɗu, su ce su ba su sa masa komai ba, da kansa ya yi ƙarfi. Amsarsu tana Beljiyam. A Burasel da ƙauyukan kwarin kogin Senne akwai masu wata giya da ake kira lambik, kamar gidan Cantillon da aka kafa a 1900. Su ba sa gaggawar sanyayawa, ba sa kuma zuba yis. Sukan tura tafasasshen ruwan zuwa saman bene, cikin wani faffaɗan kaskon jan ƙarfe marar zurfi, su buɗe tagogi, ya kwana yana shan iskar dare. Abin da iska da katakon rufin ɗakin suka kawo shi ne zai yi aikin. A watannin sanyi kawai suke yi, daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, domin iskar lokacin zafi tana kawo ƙwayoyin da ke ɓata dafuwa. Akwai mai hankalin da zai ce mutanen nan ba su yi giya ba, wai ita ta yi kanta? Su suka ƙera kaskon, su suka zaɓi watan, su suka buɗe tagar, suka koma gida suka kwanta suna sane da abin da gari zai waye da shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Barin abu, idan ka san inda barin zai kai shi kuma can ɗin kake so, aiki ne cikakke.

Malamanmu sun kula da wannan bambanci ko ta ɗaya ɓangaren. Giyar da ta juya da kanta ta zama ruwan khal, sun haɗu a kan ta halatta. Wadda mutum ya sa hannu ya juyar da ita, a nan suka saɓa, saboda hadisin Abu Ɗalha da ya tambaya a kan giyar da wasu marayu suka gada, aka umarce shi ya zubar, ba a yarda ya mai da ita khal ba. Ruwa iri ɗaya a ƙarshe, amma an tsaya ana tambayar ta wace hanya ya iso.

Da wannan ma'auni biyu nake duban abubuwan da ke damun mutanenmu a yau. Lemon molt irin su Maltina, wadda ta shigo kasuwa a 1976, asalinsa wannan ruwan tsiro ne mai zaƙi, aka tace, aka sanyaya, aka ɗura a kwalba aka sake gasa shi don kada komai ya rayu a ciki. Ba a ba yis dama ba, ba a kuma nufi ba shi ba. Giyar da aka bari ta nuna sannan aka cire mata barasa kuwa ta bi ta cikin gidan da aka hana shiga, shi ya sa kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya a 2011 ya haramta duk abin shan da aka yi da nufi da tsarin yin giya ko da an janye barasar, ya kuma halatta wanda ba a nufi haka da shi ba muddin barasar da ke ciki ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Majalisar malaman Indunusiya a 2018 ta sa tata iyakar a rabin haka. Lambobin sun bambanta domin ƙoƙarin mutane ne na kafa turke a kan gangara, amma dukkansu suna duban abu biyun nan. Haka batun manomi: lokacin da aka hana shigo da tsiron sha'ir Nijeriya a 1988, kamfanonin giya suka koma kan dawa. Wanda ya kai buhunansa kasuwar Dawanau ya sayar wa duk mai saye, abinci ya sayar. Wanda ya ƙulla yarjejeniya kai tsaye yana sane cewa tukunyar giya za su shiga, Malikawa sun riga sun yi magana a kan ɗan'uwansa, mai sayar da inabi ga wanda ya san matsewa zai yi.

Ina jin zafin ɓangare biyu. Akwai masu sakaci da na ambata. Akwai kuma masu waswasi, waɗanda suka karanta a waya cewa an auna an ga ɓurɓushin barasa a kunu, sai suka tashi suna haramta sana'ar iyayenmu mata. Wannan ɓurɓushi yana cikin ayabar da ta nuna sosai, yana cikin ƙullun burodi, yana cikin nono mai tsami. Tambayar da Shari'a ta yi ita ce ko mai yawansa zai bugar, kuma babu cikin da zai ɗauki yawan kunun yau da zai kai ga haka. Tsamin kunu ma yawanci aikin bakteriya ne irin na nono, ba na yis ba. Matar da ke ciyar da marayu da robar kunu ba ta cancanci a jefa mata shakka a kan abincinta da rabin ilimi ba.

Abin da take bukata shi ne a gaya mata abin da zai amfane ta, kuma shi nake gaya wa ƙungiyoyin mata idan sun gayyace ni. Mai dafa giya yana tsayar da sanyayawarsa a wajen digiri 20 domin nan ne yis ke jin daɗi. Mai kunu kuwa, da zarar ta tace, so ake ta wuce wannan wuri da sauri ta kai ƙasa da digiri 5, inda yis da bakteriya ke kwanciya. Sukari a bar shi sai an zo ɗurawa, domin shi ne abincinsu. Gorunan roba da ake tsintowa a sake amfani da su, a wanke su da ruwan zafi da sabulu har cikin murfi, saboda irin dalilin da ya sa aka ƙi gorar duma. In babu wutar lantarki, ƙanƙara kuma ta yi tsada kamar yadda takan yi a watan azumi, a rage yawan da ake damawa zuwa abin da zai ƙare a yini. Gorar da ta kumbura ta yi tauri, wadda in an murɗa murfi take huci tana tunkuɗo kumfa, ta soma hanya. Ko ba ta kai ga bugarwa ba, a zubar, kada a ƙara mata sukari da ƙanƙara a mayar cikin kula a sayar wa matafiyi a tasha.